Gashin Zabon da Ya Kashe Ordinater

Akwai sunan da kuke kiran yayarku da shi, ku ƙannenta, har jikoki sun ɗauka suna cewa Gwaggo Karmer, ba su ma san inda ya samo asali ba. Manyanku suna zaton sun sani. In aka tambaye ku sai ku ce ai ita ce ta kashe ordinater, wato kwamfuta, a shekarar da Inna ta sayar da karsanarta, ku kwashe da dariya, ita ma ta taya ku. To yau na zauna in gyara wannan magana tun da sauran numfashina, tunda Allah ya mai do mini da ido. Wanda zai karanta wa sauran ya karanta har ƙarshe, kada ya tsallake inda bai yi masa daɗi ba.

Kun san ni da gyaran rediyo kuka tashi kuka gan ni. Shekara talatin da ɗoriya ina rumfa guda a kasuwar Dungas, kusa da masu igiya. Ban yi lakwal ba, wato ban shiga makaranta ba, boko ma da gemuna na koye shi, amma daga Guci ake ɗauko mini rediyo, daga Bande ake aiko mini a amalanke, an naɗe shi da zane kamar marar lafiya. Abin da ake faɗa a gari shi ne hannun Malam Habu bai taɓa ɓata abu ba. Mutane suka faɗa, suka faɗa, har ni ma na yarda. Kayan aikina ba su da yawa: turnabis biyu na kwance noti, ƙarfen dalma da nake turawa cikin garwashi, sai gashin zabo. Kada ku raina gashin nan. Rabin rediyon da ake kawo mini ba abin da ya same su sai rairayi da gidan kyankyaso. In buɗe, in bi shi lungu-lungu da gashin zabo, in hura, in rufe, sai ka ji ya kama magana, mai shi yana ta salati. Maigidana na Magarya da ya koya mini sana'a haka yake yi, ni ma kullum da guda soke a hulata. Ko masallaci da shi nake zuwa.

Yayarku kuwa ita ce ƴar fari, kun kuma san yadda muke da ƴan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ranar suna liman ya faɗe shi, na sunkuyar da kai kamar ba a gidana ake yi ba. In ta kama dole sai in ce “ke”, ko “yarinyar nan”. In ina da magana da ita, tana zaune a gabana, sai in juya ga Innarku in ce, “Ki gaya mata kaza.” Ita ma ta juya ga Inna ta ba da amsa. Haka muka rayu, ba gaba ba ce, kunya ce, a lokacinmu kuma ado ce ga uba. Amma a raina na san cikin ku bakwai ita ta ɗauko hannuna. Ku mazan, ko batir aka ce ku sa wa tocila sai kun juya shi.

Da ta gama kolej ta tafi Damagaram ta yi shekara biyu tana koyon aikin ordinater. Ta dawo daidai lokacin da Dungas ta fara jin daɗin zama departema, wato gunduma mai cin gashin kanta. Ofisoshi sun zo, kowane da irin takardar da yake so, kuma ba su karɓar rubutun hannu. Saboda shafi guda mutum sai ya hau kabu-kabu har Magarya, ya wuni, ya dawo. Sai ta kawo shawara, ta bakin Inna kamar kullum. Ta ce haɗaɗɗiyar ordinater ta fi ƙarfinmu, amma in an sayo ta gunduwa-gunduwa ita za ta haɗa da hannunta, a yi mata rumfa jikin tawa, a ɗora pano mai jan wuta daga hasken rana a sama, ta riƙa buga wa mutane takardu a nan gida. Ba sai ta koma Damagaram aikin wani ba. Wannan na ƙarshen shi ya shiga kunnen Innarku. Ita ba ruwanta da takarda, so take ƴarta ta zauna inda in ta kira za ta amsa. Ba wanda ya roƙe ta, da kanta ta kwance karsanar da ta gada daga saniyar uwarta ta ce a kai kasuwa. Kawunku Lawali da ke zuwa Kano shi ya riƙa kawo kayan, yau kwali guda, bayan sati biyu wani.

Yayana, Baffanku Idi, Allah ya jiƙansa, bai so abin ba ko kaɗan. Ya zo har zaure ya same ni.

“Habu, kana zaune za a mai da saniya kwali?”

“Yaya, yarinyar nan ta yi karatun abin.”

“Karatu daban, ƙarfe daban. Ƙarfe ba ya son hannun mace. Da kai ne za ka haɗa, da ban ce komai ba.”

Na ce masa ya bari mu gani. Amma ba zan ɓoye muku ba, maganarsa ta ƙarshe ta yi mini daɗi, ta kuma zauna mini a ciki.

Ranar da babban kwalin ya iso, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a ɗaki, ta wanke hannu, ta zaro wani faifai mai kusurwa huɗu daga jakar leda mai ƙyalli. Ina bakin ƙofa, wai ina gyara takalmi. Ta ce:

“Inna, kin ga wannan? Kart mer sunanta. Da Faransanci uwa ke nan. Duk sauran a jikinta suke kamawa, in ba ta, ba kowa.”

“To Allah ya raya uwa da ƴaƴanta,” in ji Inna.

“Wannan baƙin murfin na tsakiya kuwa, Inna, kada kowa ya buɗe shi. Nan ƙwaƙwalwar za ta zauna. Abin da ke ƙasansa ko numfashi mai ƙarfi ba ya so.”

Innarku da ko rediyona ba ta taɓa murɗawa ba, ina ita ina buɗe murfi? Kowa a ɗakin ya san da wa ake. Inna ta waiwayo tana murmushi.

“Malam, ka dai ji.”

“Ni za a koya wa ƙarfe?” na ce, na shuri takalmina na fita.

Kaka ce lokacin, an gama yankan gero, ko'ina a unguwa sussuka ake yi da shiƙa. Kashegari yayarku ta hau kabu-kabu zuwa Magarya karɓo wata waya da aka manta, Inna ta tafi gidan suna, ku kuma kuna lakwal da gona. Na dawo daga sallar azahar na tarar da gida ba kowa sai kaji. Wallahi ban shiga ɗakin nan da niyyar taɓa komai ba. Cewa na yi bari in duba kawai, mutum shekara talatin yana buɗe cikin ƙarfe, a kawo irin wannan har gidansa a ce kada ya gani? Na zaro kart mer ɗin daga leda, ɗakin da duhu-duhu, sai na fito da ita bakin ƙofa inda haske yake. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Hanyoyin da ke jikinta sun fi zaren ɗinki siranta, ba ɗigon dalma ko ɗaya da ya kauce. Na daɗe ina kallo, ina jin kaina ƙarami. Sai idona ya faɗa kan baƙin murfin. Akwai ɗan ƙarfe a gefensa, na danna, ya ɗaga, murfin ya fito a hannuna ba gardama.

A ƙasansa wasu ƴan ƙafafu ne na zinariya, ba sa ƙirguwa, jere sahu-sahu, duk sun karkata gefe guda kamar tsiron gero kwana uku da shuka. Ina cikin kallonsu iska ta taso daga gidan maƙwabta inda mata ke shiƙa. Ƙaiƙayi ya ketaro danga, guda biyu ko uku suka sauka daidai tsakiyar gurbin. Ban yi tunani ba. Hannuna ne ya tafi hula da kansa, yadda ya saba tafiya sau dubu. Na zaro gashin zabo na share, sau ɗaya zuwa, sau ɗaya dawowa. A dawowar na ji yana kamawa, kir-kir, kamar ana taje kai. Da na ɗaga sai na ga sahun nan ya watse, wasu sun kwanta, wasu sun hau kan juna. Amma girman kai bai sake ni ba. Na ce ai abin da ya lanƙwashe miƙe shi ake yi. Na ɗauko allurar Inna, na ta da guda, na ta da na biyu. Na ukun ya karye. Ko ƙara bai yi ba, sai dai na ga wurinsa ba komai.

Na mai da murfi, na mai da ita cikin leda, na gyara tabarma yadda na same ta. La'asar ɗin ranar ban san raka'a nawa na yi ba. Da suka dawo ina zaure, yayarku ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon ƙasa. Ba wanda ya ga wani abu, tunda dama haka nake amsa mata. Sau uku na buɗe baki in ce wa Inna, “Ki gaya mata,” sau uku na rufe. Na riƙa ce wa kaina wataƙila ƙafa guda cikin wannan tulin ba za ta hana komai ba. Rediyo nawa na gani suna magana da rabin cikinsu a ƙone?

Da hantsi kashegari aka yi haɗin, a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Labari ya riga ya zaga. Baffa Idi ya zo da buzunsa, maƙwabta suka shigo, har wani mushen lakwal, malamin yara, ya leƙo. Inna ta dama fura kamar ana biki. Yayarku ta jera kayanta, ta yi bisimilla, ta ɗaga baƙin murfin. Sai ta tsaya. Ta sunkuya sosai, ta daɗe a haka, har Baffa ya ce ko addu'a take yi. Na ga ta sa yatsu biyu ta tsinci wani abu, ta kai hannu bakin zanenta. Ba ta ɗago ba, ba ta dubi kowa ba. Daga nan ta ɗauki ƙwaƙwalwar ta ɗora, ta danne, ta ci gaba da aiki. Na sauke ajiyar zuciya, na ce ashe ba ta gani ba. Ta ɗaure wannan, ta soka wancan, hannunta ko rawa ba ya yi. Duk da abin da ke cikina sai da na yi alfahari da hannun nan.

Ta haɗa da batir, ta danna maɓalli. Ƴar fankar da ke ciki ta juya, yara suka yi ihu, sai ta tsaya. Ta sake juyawa, ta sake tsayawa. Gilashin ordinater ɗin ya zauna baƙi ƙirin. Ta kashe, ta kunna, haka.

“Yaya dai?” in ji Inna.

“Ba za ta tashi ba, Inna.”

“Me ya same ta?”

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Ina zaune a kan turmi, gashin zabo na soke a hulata. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

“Ni ce. Hannuna ya zame da ina ɗora ƙwaƙwalwar, na karya ƙafafun. Kart mer ɗin ta mutu.”

“Kar me?” in ji Baffa Idi.

“Kart mer, Baffa.”

“Karmer! To, Karmer, sannu da aiki. Habu, ban gaya maka ba? Da kai ka haɗa, da yanzu tana magana.”

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi don a rage nauyin abu. Ni kuma na gyaɗa kai. Ku rubuta wannan a ranku: ubanku ya gyaɗa kai. Innarku ta tashi ta kwashe ƙoren fura, ta ce Allah bai nufa ba, ta shiga ɗaki. Ba ta taɓa yi wa ƴarta gori ba ko sau ɗaya, amma na sha ganinta ta tsaya a turken karsanar nan da babu komai a kai.

Babu wata saniyar da za a kwance. Kawu Lawali ya mai da faifan Kano, masu shi suka duba suka ce wanda ya karya shi ke da abinsa. Sauran kayan aka rabar da su yadda aka samu. Bayan babbar salla yayarku ta ɗaure kayanta ta koma Damagaram, ta kama aikin buga takardu a ofishin wasu, can ta yi aure, can ta haifi ƴaƴanta. Wani yaro daga Magarya ya zo ya buɗe irin rumfar da ta so buɗewa, ga ta can har gobe cike da mutane. Sunan kuwa ya bi ta. Ku kuka fara, unguwa ta ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai in na tuna shi ne ni ma na ɗauka. Shekara ashirin da wani abu ba ni da sunan da zan kira ƴata, sai ga shi an ba ni guda kyauta, wanda kunya ba ta hana ba. In ta zo ganin gida sai in ce, “Karmer, an iso?” Ta ce, “An iso, Baba.” Har daɗi nake ji wai yanzu muna magana ba ɗan aike.

Ciwon Innarku na ƙarshe kwana biyu ne. An buga wa yayarku waya ta kamo hanya, amma muna dawowa daga maƙabarta motarsu ta shigo gari. Da rumfarta na jikin tawa, da ita za ta riƙe kan uwarta. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ba ranar da ba na faɗa wa kaina. Sana'ar da nake taƙama da ita ma ba ta daɗe ba. Salula ta shigo, kowa ya koma jin labari a aljihunsa, rediyo in ya lalace sai a ba yara su yi mota da shi. Na rufe rumfa, sannan ciwon yana ya rufe mini ido.

Bara ita ta zo ta ɗauke ni zuwa Damagaram aka yi mini aikin idon. Na yi sati uku a gidanta. Ranar da aka cire mini bandeji, da safe, ta kawo mini kunu ta zauna nesa kaɗan, yadda ta saba. Fuskarta ce abin da na fara gani sosai bayan shekara huɗu, na ga furfura a gaban goshinta. Na duba dama, na duba hagu, babu Inna da zan ce wa ta gaya mata.

“Ke,” na ce. “Ordinater ɗin nan ta shekarun baya. Ba ke ba ce.”

“Sha kununka, Baba, zai huce.”

“Na ce ba ke ba ce. Ni na buɗe murfin. Ni na share da...”

“Gashin zabo,” ta ce. “Na sani. Na tsinci silinsa a maƙale cikin ƙafafun. Mai ɗigo-ɗigon fari.”

Na ce to don me ta ci gaba da haɗawa, tana sane ba za ta tashi ba?

“Da na tsaya a nan, Baba, da an ce wa ya buɗe. Gidan kuma mutum nawa ne ke taɓa ƙarfe? Sai na ga gara in ɗora ƙwaƙwalwar a gaban kowa, in ya so a ce ni na danne su.”

“A gaban Baffanki? Kina ji yana...”

“Baffa ai ni kaɗai zai yi wa dariya. Kai kuwa da kasuwa duka ta ji. Mutane suna kawo maka rediyo ne don an ce hannunka bai taɓa ɓata abu ba. Da wannan hannun ake ciyar da ƙannena shida. Ni ina da takardata, ko'ina na je zan ci abinci.”

Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Likita ya hana ni taɓa idon, sai na bar hawayen suna zuba cikin kunu. Ta ce in bar shi a nan, ya wuce, kada in gaya muku, sunan ma ta saba da shi. Na ce mata to. Wannan alkawarin ne nake karyawa yanzu, kuma shi kaɗai ne cikin abin da na karya a rayuwata ban yi nadama ba.

Saboda haka ku ji. Ba yayarku ta kashe ordinater ba. Ni ne, da gashin zabo da girman kai, na kuma zauna a kan turmi na bar yarinya ta ɗauka. Karsanar Innarku ni na ɓatar. Hannun da bai ɓata komai ba a gidan nan nata ne. Daga yau kada in ƙara jin Karmer a bakin kowa, babba ko yaro, ku kuma gaya wa ƴaƴanku dalili.

Waɗannan takardun ita zan aika wa ta buga su, don ba wanda ke iya karanta rubutuna sai ita. Na san halinta, za ta so ta rage wani wurin. Kada ki rage ko wasali. Kunyar ƴar fari kuwa na riƙe ta shekara arba'in da biyar, na ga abin da ta rufe mini, ta isa haka. Liman ya faɗi sunan nan ranar suna na sunkuyar da kai, yau ga shi ina rubuta shi da hannuna, kuma da na ajiye alƙalami zan faɗe shi da ƙarfi, ko kaji ne kaɗai za su ji.

Balkisa. Balkisa, ƴata, ki yafe mini.